SUNAN DA YA ƘI FITA DAGA BAKIN GIDAƊO

Shafi na 31

Wanda ya fara zana Shamuwa a kan takarda shi ne Injiniya Gidaɗo, a Zariya, cikin daminar 1986, lokacin da mutane ba su gama farfaɗowa daga wahalar fari ba. Ya ba ta baƙin mayafi mai fari daga ciki, da sandar makiyaya wadda in ta doka a ƙasa ruwa ke ɓullowa. Ya kuma tanadar mata abokan gaba: Uwar Fara, mai jan rundunar da ke cinye gonaki, da Mai Rumbu, wanda ke ɓoye hatsi sai talaka ya galabaita, da Sarkin Ƙishirwa. Yaran makaranta suka riƙa yanke shafinta daga jarida suna mannawa a bango da ƙaro.

Wadda ta fara sanya wannan mayafi a gaban kyamara ita ce Celestina, 'yar Wusasa, a wasan talabijin na 1989, inda aka riƙa ɗaga ta da igiya a reshen mangwaro domin a ce tashi take yi.

Wadda ta fara motsa Shamuwa da kwamfuta, ta ba ta murya da launi, ita ce Raki, 'yar farin Gidaɗo, a 2013, a wani ɗan ɗaki a unguwar Fallowfield ta Manchester, bayan an rufe library, wato ɗakin karatun da take aiki, saboda tsuke bakin aljihun da aka shiga a Ingila.

Wanda kuma ya fara zubar wa Shamuwa mutunci a bainar jama'a, ba Uwar Fara ba ce, ba kuma Mai Rumbu ba ne. Gidaɗo ne da kansa, ranar Asabar da la'asar, a Birmingham.

An nuna rabin farko na fim ɗin Raki a taron masu zanen labarai, zaure ya cika, an yi tafi har an miƙe tsaye. Sai Catherine, Baturiyar da kamfaninta ke shirin mayar da fim ɗin shirin yara na talabijin, ta miƙa wa Gidaɗo makirfo, ta tambaye shi yadda ya ga aikin 'yarsa. Shi kuwa ya yi abin da ya tarar iyaye na yi in an yabi ɗan fari a gabansu. Ya kawar da kai, ya ce:

"It is only children's play. That girl does not know anything yet."

Dattawan Hausawa biyu da ke layin gaba suka gyaɗa kai, domin sun ga mutum mai kunya. Sauran zauren ya yi tsit. Raki ta cire ɗan makirfon da ke wuyan rigarta, ta ajiye shi a kan kujera a hankali, ta fita.

Yanzu ga Gidaɗo zaune a ɗakin baƙi da ke bayan dandali, lambar yabo ta gilashi da aka ba shi a kan gwiwarsa, shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba. Ƙofa ta buɗe. Celestina ce, tana dogara sandarta ta asibiti, wadda shekarun aikin jinya a Birmingham suka bar mata.

"Injiniya, sannu da aiki."

"Yauwa, Celestina. Kin ga taro ya yi albarka."

"Ya yi ƙwarai. Ni dai tun ranar da igiya ta tsinke da ni a reshen mangwaro ban sake ganin faɗuwa irin ta yau ba."

Ya gyara zaman hularsa.

"Ban gane ba."

"Ka gane. Tun a kan dandali ka gane, ina kallonka."

"Ke 'yar Wusasa ce, ba baƙuwa ba. Yaushe aka fara yabon ɗan fari a gaban mutane? Mahaifina bai yi ba. Kakana Ardo bai yi ba. Ni kaina ɗan fari ne. Ranar da na zo na ɗaya a jarrabawar lardi, hedimasta ya tako har gida domin ya yi barka, mahaifina ya ce masa, wannan ko kiwon maraƙi bai iya ba. Ba wanda ya ce ya ƙi ni."

"Kakanka Ardo ya taɓa riƙe makirfo a Birmingham?"

Ya dubi lambar gilashin da ke gwiwarsa.

Ta jawo kujera ta zauna da nishi, ta jingina sandar a bango.

"Ni ma haka na taso. Ɗana na fari, kai yaro nake ce masa har ya shiga Year Three. Rannan teacher ta kira ni, ta rufe ƙofa, ta ce, Mrs Gamaliel, yaron nan ya ce mamarsa ba ta san sunansa ba, is everything all right at home? Daga ranar na koya. Da ƙyar, kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi, amma na koya."

"Ke da kika auri Mai Rumbu, ai ba a gwada ki da sauran mutane."

Ta yi dariya duk da ba ta so. Gamaliel, mijinta marigayi, shi ne ya fito a matsayin Mai Rumbu a wasan talabijin, ta kwashe shekara tana dukansa da sanda a gaban jama'ar Arewa kafin ya kai kuɗin gaisuwa gidansu.

"Allah ya jiƙansa, shi ko a wasa in na doke shi yakan ce sannu. Ba ni wayarka in kira yarinyar nan, tawa ta mutu."

Ya miƙa mata. Ta kawo wayar kusa da tabaraunta, tana ja da yatsa.

"Ga Rabi'a. Ga Nuru. Ga Hajiya Yelwa. Ga GP, likitanka. Ina Raki?"

"Tana ciki."

"Da wane suna?"

Ya dubi shayin.

"Library."

Celestina ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau.

"Ai library ɗin ma an rufe shi, Injiniya."

Ba ta kai ga danna kiran ba ƙofa ta sake buɗewa. Raki ce, jakar kwamfuta a kafaɗa, mayafinta a gyare, idanunta sun yi ja amma a bushe suke. Ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Baffa, ga ticket ɗinka. Jirgin ƙasa ne, na ƙarfe shida, daga tashar New Street, platform zai fito a allo. Alhaji Halliru ma shi zai hau, ba za ka rasa abokin hira ba."

"Ba tare za mu koma ba?"

"Zan biyo na baya."

"Zauna."

Ba ta zauna ba. Wannan ne karo na farko da ya ba ta umarni ya ga umarnin ya faɗi a ƙasa tsakaninsu.

Ya ce, "Idan don Baturiyar nan ce, kira ta. Kowace takarda take so in sa wa hannu, zan sa."

"Ta riga ta same ni a corridor. Ta ce kamfaninsu ba ya taɓa aikin da mai shi bai sa wa albarka ba. Ta ce in ka canza ra'ayi, a neme ta."

"To shi ke nan. Sai a neme ta."

"Na ce mata kada ta jira."

"Saboda me?"

"Saboda ba contract ne ya fita daga zauren nan yana kuka ba, Baffa."

Celestina ta kai hannu ga sandarta kamar za ta tashi. Raki ta ce, "Anti, don Allah ki zauna. Ban taɓa magana da shi da shaida ba, yau ina so."

Gidaɗo ya yi gyaran murya, ya ɗauko muryar da yake amfani da ita a taron ƙungiya.

"Akwai abin da aka gada. Tun kafin..."

"Na san abin da aka gada. Please, kada ka yi min lecture. Goggo Maimuna ce ta raine ni, ƙanwarka, ita ta koya min tun ban fara makaranta ba. In ya shigo ki fita. In ya yi magana kada ki dube shi. Ba zai kira sunanki ba, ba ƙi ba ne, kunya ce. Na yarda. Da Goggo ta rasu kuka ɗauko ni kuka kawo ni Manchester, na zo da yardata a cikin akwati. Ranar graduation ɗina ka tsaya a car park har aka gama, na ce kunya ce. Ƙanwata Rabi'a ta gama uni da ƙyar, ka sayi rago sukutum a wurin mahaucin Longsight aka yi walima, na ce ita ba 'yar fari ba ce, ni na yanka albasa."

"Ban ce..."

"Amma yau ba shiru ka yi ba. Da shiru ka yi, da na fassara musu. Na iya fassara shirunka, shi ne aikina na farko a duniya. Yau magana ka yi."

Daga waje ana jin ma'aikata suna tara kujeru.

Celestina ta ce, "Injiniya, faɗa mata. Faɗa mata fuskar wa ka zana."

Ya sunkuyar da kai. Wannan asiri ne da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Celestina, ita ma don mai kwalliyar talabijin ta matsa sai an gaya mata dalilin tabon da za ta zana a gira.

"To ni zan faɗa. Raki, wushiryar Shamuwa, da tabon nan na girarta ta hagu..."

"Na sani, Anti."

Gidaɗo ya ɗago.

"Kin sani?"

"Ni na faɗi a bakin rijiyar Goggo, ni aka ɗinke. Ba a jima ba tabon ya fito a jarida, a fuskar Shamuwa. Yara a makaranta suka gane kafin ni."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Wa ya koya min cewa?"

Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta riƙe ta da hannu biyu a ƙirji.

"Kowace Juma'a sai ka zo gidan Goggo bayan masallaci. Ka zauna a zaure, ka ba wa ƙofar cikin gida baya, kana zane. A jarida akwai tsohon makiyayin nan da ke ce wa Shamuwa, 'yata, sanyin idona, ki dawo lafiya. Ni kuwa ina bayan ƙofa da ƙwaryar fura, ina jira a ce in ajiye. Takarda ta samu uba, Baffa. Ni na samu jarida."

Gidaɗo ya ji lambar gilashin tana neman zamewa daga gwiwarsa, ya damƙe ta. A duk shekarun nan ya ɗauka cewa ya yi dabara. Ya ɗauka ya samo ƙofar bayan gida da zai riƙa fitar da abin da ke ransa ba tare da ya karya dokar kakanni ba, kuma wata rana, bayan ransa, wani zai nuna mata, ta gane, ta yi masa addu'a. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa tana tsaye tun farko, tana kallon yadda ake ba wa hotonta abin da aka hana ta.

Raki ta ɗora kwamfutar a kan tebur, ta buɗe.

"Ka san me ya sa rabi kawai aka nuna?"

"An ce lokaci ne."

"Ni na ce a faɗi haka. Akwai sabon mugu a rabi na biyu. Uwar Fara da Mai Rumbu naka ne, wannan nawa ne. Sunansa Maci-Suna."

Ta danna.

Wani dogon dattijo ya fito a allon, yana tafiya a hankali a tsakiyar kasuwa, hannuwansa a harɗe a baya. Ba ya duka, ba ya tsawa, ba shi da runduna. Duk wanda ya ƙaunata, sai ya haɗiye sunansa. Wanda aka haɗiye wa suna kuwa sai ya fara dusashewa kamar tsohuwar tawada, har mutane su riƙa wucewa ta cikinsa ba su sani ba.

Celestina ta kai hannu bakinta.

Hular zanna ce, an karkata ta hagu. Tabarau a kan karan hanci. Alƙaluma biyu a aljihun gaba, ja da baƙi. Gidaɗo ya kai hannu aljihunsa, ya taɓa su.

"Wannan ni ne."

"Na zana ƙarshe iri biyu. A ɗaya, ya buɗe baki ya mayar da sunayen, garin ya dawo, Shamuwa ta ajiye sanda ta zauna kusa da shi. A ɗayan bai buɗe ba. Ba ta doke shi ba, don ba ta iya dukansa. Ta tashi ta bar garin."

"Wanne kika sa?"

"Ban sa ba. Na ce sai na ji abin da za ka faɗa yau."

Ta rufe kwamfutar.

Celestina ta ce a hankali, "'Yata, ki bari zuciya ta sauka. Tsohon nan ba mugu ba ne, gardama ce kawai da shi, kamar jakin da ya ga gada."

"Na san ba mugu ba ne, Anti. Da mugu ne da tuni na huta."

Gidaɗo ya nemi wani abu da zai kama, sai ya kama maganar gobe. Hayar flat ɗinta ta ƙare, ba aiki tun da aka rufe library, an shirya motar kaya za ta kwaso ta ta dawo gida Longsight ranar Lahadi. Shi da kansa ya shafe ɗakin sama da fenti, ya hana ɗansa Nuru taimaka masa, ya ce wa matarsa Hajiya Yelwa damshi ne ya ɓata bangon.

"Motar kaya dai tana nan gobe da safe? Ɗakin sama a shirye yake."

"Tana nan. Storage za ta kai kayan, ma'ajiyar haya."

"Storage?"

"Mutanen Toronto ɗin nan da suka ba ni aiki, na daɗe ina ja musu rai. Na ce in shirin talabijin ya tabbata, ina nan. Na tura musu email ɗazu, na amsa."

"Ɗazu yaushe?"

"Ina cikin toilet, lokacin da ake ba ka lamba. Kafin takardu su fito zan zauna London wurin ƙawata."

Ya miƙe tsaye. Gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ke..."

"Ke wa, Baffa? Mu biyu ne mata a ɗakin nan."

Ta tsaya. Ba ta ɗauki jakar ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da Goggo Maimuna ta hana ta, ta ba shi lokaci fiye da yadda ya cancanta.

Sunan yana nan. Yana jin sa a ƙarƙashin harshe, ɗan gajeren suna da bai fi numfashi ɗaya ba. Amma a bayansa akwai mahaifinsa a ƙofar gida yana sallamar hedimasta, akwai Ardo, akwai maza jere har inda ido ba ya kaiwa, kowannensu ya haɗiye nasa ya mutu da mutuncinsa. Ya tuna kuma abin da bai gaya wa Celestina ba, cewa ranar nan ta hedimasta ya zaga bayan rumbu ya yi kuka har magariba. Leɓensa ya motsa.

"Jirgin... ƙarfe shida kika ce?"

Raki ta gyaɗa kai, kamar likitan da ya ga sakamakon da ya riga ya zata. Ta rataya jakarta. Ta durƙusa har ƙasa, cikakkiyar durƙusawa irin ta gidan Goggo.

"Allah ya huta gajiya, Baffa."

Da ta buga ƙofa da ya fi masa sauƙi. A hankali ta ja ta.

Celestina ta ajiye masa wayarsa a kan tebur, ta ɗauki sandarta.

"Sau nawa na doki Gamaliel a talabijin a kan ɓoye hatsi? Ashe mai rumbun gaskiya yana bayan kyamara yana ba mu umarni."

A jirgin Manchester, Alhaji Halliru, ɗaya daga dattawan nan na layin gaba, ya zauna kusa da shi ya buɗe ledar dabino.

"Injiniya, ka burge mu. Wallahi ka burge mu. Na ce wa Dokta Rabe, kalli mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya a Ingila bai zubar da ko ɗigo ba. Yanzu sai ka ga uba yana rungumar ɗan fari a airport, yana I love you, I love you, kamar ɗan wasa."

"Haka ne."

"Ina ita yarinyar?"

"Tana tafe."

"Ai ta ji daɗi. 'Yar gidan mutunci ta san yabo in ta ji shi."

Gidaɗo ya karɓi dabino ɗaya, ya riƙe shi a hannu har jirgi ya kai Stockport, dab da Manchester.

Da gari ya waye, Hajiya Yelwa ta kawo masa kunun gyaɗa a falo, ta zauna nesa kaɗan tana murza gwiwarta da ta hana ta zuwa Birmingham. Ba ta tambaye shi taro ba. Daga nan ya san labari ya riga shi isowa.

"Rabi'a ta nuna miki?"

"Wani ya ɗauka da waya. Har Kaduna an gani."

"Ke dai kin san ban yi don cutarwa ba. Ke ma 'yar farinki ce. Ke ma ba kya kiran sunanta."

Hajiya Yelwa ta ci gaba da murza gwiwa.

"Ina kira."

"Me kika ce?"

"Ina kira, Malam. A waya, ko a kitchen in ka tafi masallaci."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka kawo ta. Yarinya ta rasa wadda ta raine ta, an sauke ta a ƙasar sanyi, a makaranta ana kiranta da wani abu da ba sunanta ba, ta dawo gida nan ma ba mai kira. Rannan na tarar da ita a bayi tana faɗa wa madubi sunanta. Na rufe ƙofa, na kira ta. Ban mutu ba."

"Ba ki gaya min ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai kana gadin gidan kakanni, ba ka lura kowa ya tashi ba."

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana ɗauka su biyu ne a kan wannan tabarma, ashe shi kaɗai ne.

"Wane lokaci motar za ta zo?"

"Ta ce da hantsi."

"Wane gida ne a Fallowfield?"

Hajiya Yelwa ta dube shi. 'Yarsa ta yi shekara uku a gidan, bai taɓa taka ƙofarsa ba, domin uba ba ya bin 'yar fari har ɗakinta. Ta kwatanta masa: bayan shagon kebab, jan bulo, ƙofa koriya. Lambar flat ɗin ta ɓace mata, ita kullum Raki ke saukowa ta buɗe.

Ya kira wayar da aka rubuta wa Library tun yana tashar bas. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. A cikin bas ya juya fuska ga taga, ya gwada sunan da leɓe kawai, ba murya. Wata yarinya da ke kujerar gefe ta cire abin jin waƙa daga kunnenta ta ce, "You all right there?" Ya ce lafiya lau, addu'a yake yi.

Ya hango motar tun daga kwana. Fara ce, bayanta a buɗe, maza biyu suna cusa teburin zanenta a tsakanin kwalaye. Kafin ya ƙarasa, koriyar ƙofar ta rufe kanta. Ya tura, a kulle. A gefenta akwai maɓallai jere, ba suna a kan ko ɗaya, ruwan sama ya wanke rubutun.

Ɗaya daga masu kayan ya buga ƙofar bayan motar ya ce wa ɗan'uwansa, "That's the lot. She's coming out the back way, taxi's waiting."

Gidaɗo ya danna maɓallin da yatsansa ya fara samu.

Muryar wata mata ta fito ta cikin ƙaramin lasifika, muryar 'yar Manchester da aka tasa daga barcin Lahadi.

"Hiya. Who is it you're after?"

"My daughter. Please, it is urgent."

"There's a few daughters in here, love. What's her name?"

Idan aka yi lissafin wannan tafiya ta Birmingham, abin da Injiniya Gidaɗo ya samu shi ne lambar gilashi guda, da yabon dattawa biyu, da sabon mugu mai ɗauke da fuskarsa. Abin da ya riƙe kuwa shi ne kunyar da ya gada, cif, ba ta yi ko ƙwarzane ba, da ɗaki mai ƙanshin sabon fenti, da suna guda a maƙogwaro, wanda har zuwa lokacin da direban motar kaya ya tayar da inji, bai fito ba, bai kuma koma ba.